Daga Tassar Illela Zuwa Simintin Malbaza: Wace Gwaninta Ce Ke Ciyar Da Mai Ita?

Wanda ya tashi daga Birnin Ƙonni ya miƙi babbar hanyar da ta nufi Maraɗi, kafin ya cika sa'a guda a mota zai wuce abubuwan da yankuna da yawa na Nijar ke fatan samu. Zai baro filin noman rani na Ƙonni mai kadada 2,452, ya ratsa kasuwar albasa ta Tsarnawa, ya hango masana'antar siminti ta Malbaza da tashar lantarkin hasken rana mai megawat 7 da aka buɗe a Nuwamban 2018. Daga nan sai Galmi, garin da albasarsa ta yi suna har Abijan da Akara, asibitinsa kuma yake karɓar marasa lafiya daga ƙetaren iyaka. In ya karkata arewa daga Tsarnawa, hanyar Tawa za ta kai shi Badagishiri a gundumar Illela, inda wata masana'antar simintin ta tashi da jarin 'yan ƙasar Sin. Gundumomin nan uku, Ƙonni da Malbaza da Illela, sun haura mutum dubu 800 a ƙidayar 2012, yanzu kuwa sun zarce haka nesa ba kusa ba.

Amma da an kai amfanin gona rumbu, sai tashoshin mota su cika da samari masu tafiya bida. Wasu Abijan, wasu Legas, wasu Libiya da Aljeriya, kuma mafi yawansu ƙarfin damtse kawai suke ɗauke da shi. Amsar da aka saba bayarwa a tarukan Yamai da Tawa ita ce matasa ba su da horo, don haka sai a shirya bita ta 'yan kwanaki, a raba takardar shaida, a watse. Ni ban yarda daga nan ciwon ya faro ba. Yaro ba ya koyon sana'a don an ce masa ya koya. Dubawa yake yi ya ga wa ya gina gida a unguwarsu, wa ya yi aure ba bashi, wa ake tashi a ba wuri a wajen suna, kuma ta wace hanya ya kai nan. In wanda ya daure shekara biyar yana koyon gyaran inji ne, shi ma zai daure. In kuwa mai kawu a ofis ne, ko wanda ya san jami'in da ake gani da dare a bakin iyaka, to wannan ilimin zai nema, kuma zai ƙware a kai, domin ba basira ya rasa ba. Makaranta da ofishin ɗaukar ma'aikata da duwan da kwamitin filaye da ƙungiyar manoma, su ne ke yanke wace gwaninta ce za ta ciyar da mai ita, ta hanyar yadda suke riƙe ƙa'idarsu ko suke sake ta.

Masana tattalin arziki sun daɗe a kan wannan batu. Douglass North, wanda ya samu kyautar Nobel a 1993, ya nuna cewa mutane na zuba basirarsu ne a inda ƙa'idojin ƙasa suka ajiye riba, ko da wurin ba ya ƙara wa al'umma komai. A 2024 ma kyautar ta tafi ga Acemoglu da Johnson da Robinson saboda bincikensu kan yadda ingancin hukumomi ke raba ƙasashe masu arziki da matalauta. Sai dai hujjar da ta fi gamsar da ni tana cikin gonakin Illela.

Bayan farin 1984, tudun Adar ya cika da fako. Ƙasa ta ƙeƙashe, ruwa in ya sauka sai ya gangare ya tafi da ɗan abin da ya rage. A ƙarshen shekarun 1980 asusun raya noma na duniya, FIDA, ya kawo aikin farfaɗo da ƙasa a Illela, kuma a 1989 aka kwashi wasu manoma aka kai su yankin Yatenga na Burkina Faso. Can suka ga yadda ake haƙa ramuka a fako tun da rani, a tara ƙasar ramin ta gefen gangare don ta tare ruwa, a zuba taki cikin tafin hannu a kowane rami. Gara ta biyo takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya samu hanyar shiga, sai a shuka gero ko dawa a ciki. Mutanen Adar sun san irin waɗannan ramuka, wato tassa, tun kakanni, amma ƙanana suke yi kuma ba sa zuba taki. Da suka dawo sai 'yan kaɗan suka gwada a kadada kaɗan. Daminar 1990 ta yi gardama, gonaki da yawa suka ƙone, masu tassa kuwa suka girbe. Daga ranar ba a ƙara bukatar mai wa'azi ba.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ɗaukar hankalina. Fakon da a da ko kyauta ba a so, sai ga shi ana saye da sayarwa, kuɗinsa yana hawa. Samari suka ƙware a haƙar tassa da ramuka masu siffar rabin wata har ya zama sana'ar rani, ana ɗaukar su haya daga ƙauye zuwa ƙauye, kuma an san wanda raminsa ke riƙe ruwa da wanda yake aikin ganin ido. Kafin ƙarshen shekarun 1990 dubban kadada sun dawo noma, dabarar kuma ta ci gaba da yaɗuwa bayan masu aikin sun naɗe tabarmarsu. Gaskiya ne ba kowa ya ci moriya daidai ba, don masu hali sun sayi fako daga hannun talakan da ba shi da taki ko kuɗin 'yan ƙwadago. Amma gwaninta ta yaɗu ba tare da makaranta ko takarda ba, kuma dalilin a fili yake. Tsakanin gumin manomi da damin geronsa babu wanda ya tsaya. Ya san gonar da ya raya tasa ce a gaban mai gari da shaidu, dokar karkara ta 1993 kuma ta zo ta amince da mallakar gargajiya. Wanda ya iya shi ke ci, kowa kuma yana gani da idonsa.

A kwatanta wannan da filin noman rani na Ƙonni, wanda aka gina a ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980. Nan ruwa daga madatsun Mozage da Zongo yake tasowa a kan gulbin Magiya, ya bi doguwar hanya kafin ya isa gonar mutum. Komai ƙwazon manomi ba zai yi nasara shi kaɗai ba. Sai da mai auna ruwa, da mai riƙe littafin kuɗi, da mai gyaran ƙofofin magudana, da mai karɓar kuɗin ruwa, da hukuncin da zai hau kan wanda ya buɗe ƙofa ba ranarsa ba. Taron Damagaram na 1982 ya miƙa ragamar irin waɗannan filaye ga ƙungiyoyin manoma, aka bar ONAHA, hukumar kula da filayen noman rani, da ba da shawara, sannan shekarun tsuke bakin aljihu suka rage mata ƙarfi. An ɗora wa manoma lissafin miliyoyi alhali mafi yawansu ba a taɓa koya musu karanta littafin kuɗi ba. Bashin kuɗin ruwa ya taru, magudanai suka tsattsage, yashi da laka suka cike madatsu, filin da ake nomawa da rani ya yi ta raguwa.

Ɓarnar ba a siminti ta tsaya ba. Manomin da gonarsa ke wutsiyar magudana, wanda bai san ranar da ruwa zai iso shi ba, ba zai ɓata lokaci yana koyon awon taki ko zaɓen ingantaccen iri ba, ko da tashar binciken noma ta INRAN na nan cikin Ƙonni kusa da shi. Abin da zai koya shi ne yadda ake shiri da mai riƙe da makullin ƙofa. Yarjejeniyar dala miliyan 437 da Nijar ta sa wa hannu da hukumar MCC ta Amurka a 2016 ta haɗa da gyaran wannan fili, da kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, da koyar da karatu da lissafi ga manoma. Gyaran ya zama dole, amma gwajin na gaba ne. Za a riƙa karanta lissafin kuɗin ruwa a bainar jama'a kowace kaka? In babban mutum ya ƙi biya, za a rufe masa ƙofa kamar yadda ake rufe wa talaka? Binciken Elinor Ostrom a Nefal ya gano cewa magudanan laka da manoma ke gudanarwa da ƙa'idar da kowa ya yarda da ita sukan fi na siminti da hukuma ke riƙe da su kai ruwa ga na ƙarshen layi.

A makaranta abin ya fi ciwo. A ma'aunin Bankin Duniya na 2020 Nijar ta samu 0.32, ma'ana yaron da aka haifa a lokacin zai girma ya samar da kashi 32 cikin ɗari kacal na abin da zai iya da ya samu cikakken ilimi da lafiya. Ana sa ran zai yi shekara 5.5 a aji, amma in aka auna abin da ya shiga kansa sai su koma 2.7. Gwajin PASEC na 2014 ya nuna cewa cikin yara goma masu gama firamare ko ɗaya bai cika ba wanda ke karatu yadda ya kamata. A 2019 adadin ya tashi zuwa kusan uku cikin goma, abin da ke nuna cewa in an matsa ana ganin canji.

Tun ƙarshen shekarun 1990 gwamnati ta zaɓi ta faɗaɗa makarantu da araha ta hanyar ɗaukar malaman kwantiragi, har suka zama su ne mafi yawa a firamare. Ɗan abin da ake ba su bai taka kara ya karya ba, kuma sau da yawa yakan makara. Mushen da ke wani ƙauye a Tajaye ko Bazaga sai ya rufe aji ya tafi gari bin haƙƙinsa, ko ya shiga yajin aiki, yara suna zaune. A Yulin 2017 ministan ilimin firamare na lokacin, Daouda Mamadou Marthé, ya sa aka yi wa malaman kwantiragi jarrabawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu matsakaicin maki. Aka yi ca a kan malamai. Ni tambayata ita ce, wa ya ɗauke su aiki, wa ya sa hannu a takardun da suka nuna, wa ya bar su shekara da shekaru ba sufeton da ya zauna a bayan aji ya ga yadda suke koyarwa? Masu bincike na cibiyar LASDEL a Yamai, irin su Olivier de Sardan, sun yi shekaru suna rubutu kan ratar da ke tsakanin dokar da ke takarda da dokar da ake bi a ofis. Kowane ma'aikaci ya san abin da ake kira PAC, wato dangi da abokai da sanayya, kuma ya san da shi ake samun canjin wurin aiki daga ƙauye zuwa gari.

Sai azuzuwan zana. A 2021 gwamnati da kanta ta ce sun kai kusan 36,000 a faɗin ƙasa, kuma a shekarar gobara ta kashe yara fiye da 40 a irin waɗannan azuzuwa a Yamai da Maraɗi. Ko ba gobara, ajin zana ba ya tsayuwa sai an yi girbi an samu kara, kuma ruwan farko ke tashinsa, don haka ana yanke wa shekarar karatu kai da ƙafa. A yankin da ake toya siminti, yaro ya zauna a ƙasa cikin zana, wannan hukuncin masu rabon kasafi ne.

Makarantar gwamnati ce ta ɗauko tsohon shugaban ƙasa Mahamadou Issoufou daga Dandaji a gundumar Illela har ya zama injiniyan ma'adinai, duk abin da mutum zai ce game da siyasarsa daga baya. Makarantar wancan zamani ƙunci gare ta, yara ƙalilan take ɗauka, 'ya'ya mata kuwa sai ɗaiɗai, kuma ba na fatan a koma can. Amma takardarta tana nufin abin da aka rubuta a kai. Yau an buɗe ƙofa, takardar ta yi sauƙi, kuma nan ne zaren ya ƙulle. Mai ɗaukar aiki da bai amince da takarda ba dole ya koma ga wanda ya sani ko wanda aka aiko masa. Ɗalibi kuma da ya ga sanayya ce ke ba da aiki, me zai sa ya kwana a kan littafi? Kowanne cikinsu yana da hujja, ƙasa kuma tana asara.

Iyaka tana da nata darasin. Ƙonni na fuskantar Illelar Najeriya, ta jihar Sakkwato, kuma duk wanda ya tsaya wajen 'yan canji ya ga yadda yaro ke juya naira zuwa sefa da ka kafin wani ya ciro wayarsa, ya san akwai ƙwaƙwalwa a garin nan. Haka 'yan fito da masu sayar da man fetur na ruwa-ruwa da 'yan kabu-kabu, sun san hanya, sun san farashi, sun san mutane. Sai dai wannan gwaninta a kan bambancin shawarar gwamnatoci biyu take rayuwa. Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019, ba ta buɗe ta Illela ba sai Disamban 2020. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur a Abuja, ribar ruwa-ruwa ta zube. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka sake rufe iyakar har Maris na 2024. Kowane karo dubban samari sun wayi gari abin da suka ƙware a kai ba ya sayen ko tiyar gero. Mai walda da mai gyaran famfon ban ruwa ba a rufe musu hannu da sanarwar rediyo. Amma yaro ɗan shekara 14 da ya auna abin da babur ke kawowa kullum, ya auna shekarun da zai yi a gareji yana wanke ƙarfe ba lada, a ƙarshe kuma ba takardar da wata masana'anta za ta duba, in ya zaɓi babur lissafinsa daidai ne. Ƙa'idar da ta sa lissafin ya fita haka ita ce abin gyara.

Asibitin Galmi, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1950, yana horar da likitocin tiyata tun 2012, horon shekara biyar. Ƙaramin gari ne, ba shi da abin da Yamai ke taƙama da shi. Horon tiyata kuwa ba ya yiwuwa sai inda babba ke duba aikin ƙarami kullum, ake rubuta kowane aiki a kundi, kuma jarrabawa ce ke ɗaga mutum. In har ana iya tsayar da wannan a Galmi, babu mai cewa ƙasar ce ba ta karɓar tsari. Albasar garin ma shaida ce. Zaɓen iri da rainon dashe da sanin lokacin cira sun bi jini daga uba zuwa ɗa, domin mai saye a Abijan ya san mai kyau kuma yana biya. Inda hukuma ya kamata ta shigo, wato wurin ajiya da ya fi rudu da bashin da zai hana manomi zubar da kayansa da arha lokacin cira, nan ne har yau ake ɗingishi.

Malbaza ta san siminti tun shekarun 1960. Tsohuwar masana'antar 'yan dubun-dubatar tan take fitarwa, sabuwar kuwa an gina ta don tan 650,000 a shekara. Irin wannan wuri yana bukatar masu wutar lantarki da makanikai da masu gwajin sinadarai da masu walda da direbobin manyan injuna. Mutum nawa daga ƙauyukan kewaye suka tashi daga ɗaukar buhu suka kai ɗakin sarrafa inji? Wannan adadi ne da ya kamata kowace masana'anta a yankin, ta Malbaza da ta Badagishiri, ta riƙa bayyanawa duk shekara. A Maris na 2025 gwamnati ta kori shugabannin kamfanonin mai uku 'yan Sin, kuma bambancin albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa na cikin dalilan da aka bayar. Koken na da tushe. Amma umarni ba ya haifar da gwanin tanderun siminti, shekaru ake yi ana rainonsa. Tun bayan 2011 an bazu da kafa kwalejojin fasaha, CET, a gundumomi da cibiyoyin koyon sana'a, CFM, a ƙananan hukumomi. Niyya ce mai kyau, sai dai da yawa a ginin aro suka fara, ba wuta ba kayan aiki, ana koyar da walda da alli a allo. Akwai kuma asusun FAFPA da aka kafa don tallafa wa koyon sana'a da harajin da kamfanoni ke biya, kuma an daɗe ana kokawa cewa ba duka kuɗin ke isa asusun ba.

Wani zai ce duk wannan talauci ne. Jama'a na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara bisa ƙidayar 2012, ga kuɗin tsaro, ina gwamnati za ta samu na gina aji da biyan malami? Akwai ma masana da ke cewa ilimi ke zuwa da farko, hukumomi na gari su biyo baya. Ban raina wannan magana ba, domin ƙungiyar manoman da membobinta ba sa karatu ba za ta iya bin diddigin ma'ajinta ba. Amma mafi yawan abin da na lissafa ba kuɗi yake ci ba. Biyan malami ranar da aka yi masa alƙawari bai fi biyansa bayan wata biyu tsada ba. Liƙa sunayen waɗanda suka ci jarrabawar ɗaukar aiki tare da makinsu takarda ɗaya ce. Tassa ma a shekarun da ƙasar ta fi yau talauci ta yaɗu.

Saboda haka kirana ga gwamnan Tawa da kantomomin gundumomin nan uku shi ne su zaunar da masana'antun siminti da tashar lantarki da cibiyoyin koyon sana'a a tebur ɗaya, a fito da rubutacciyar yarjejeniya kan yara nawa za a ɗauka koyon aiki kowace shekara, maza da mata, kuma a zaɓe su da jarrabawar da za a liƙa sakamakonta a ƙofar ofishin magajin gari. Yaran gareji da na masu walda da teloli da magina, waɗanda su ne mafi yawan masu koyon sana'a a Ƙonni, a shirya musu gwajin hannu a gaban ƙwararru, wanda ya iya a ba shi takardar da masana'anta za ta karɓa ko bai taɓa shiga lakwal ba. Sarkin Ƙonni da Sarkin Adar suna da bakin da za su sa a karanta lissafin kuɗin ruwa da na ƙungiyoyin albasa a gaban jama'a, kuma in manya suka fara biyan nasu, na ƙasa ba zai yi gardama ba. Ku kuma iyaye, kwamitin makarantar ƙauyenku yana da haƙƙin sanin kwana nawa mushe ya shiga aji a wata, da kuma ranar da aka biya shi. Ku tambaya, ku rubuta duka biyun, ku kai wa sufeton makarantu kafin hutun bana.